Garwashin Tunau a Ƙarƙashin Tafkin Kurmaye

A wani zamani mai nisa, tun tafkuna ba su fara jin tsoron mutane ba, akwai wani tafki da ake kira Kurmaye, a ƙarƙashinsa kuma akwai birni. Masuntan Tungar Barmo da ke zaune a bakinsa ba su taɓa yin gardama a kan wannan ba, domin in rani ya tsananta ruwa ya ja baya, sukan ji dakan matan birnin yana tasowa daga ƙasa, wani lokaci har da guɗa.

Mutanen tungar suna da kalma guda da suke kiran duk halittar da ke rayuwa a tudu ta kuma rayu a ruwa, wato gida-biyu. Kwaɗo gida-biyu ne, haka kada da tsari da kififfiya. Mata kan faɗe ta a kan shinkafa, tun da ƙafarta na cikin ruwa kanta na shan iska. Yaron da ya ci tuwo a gidansu, ya zagaya ya sake ci a ɗakin kakarsa, da ita ake yi masa ba'a. Amma in aka sassauta murya aka ce Mai-gida-biyu, to mutum ɗaya ake nufi: wanda kowace shekara, kafin a buɗe su, wato kamun kifin gayya, yake nutsewa zuwa birnin da ƙwaryar zuma, ya roƙo wa tunga izinin kamun kifi wurin Magajiyar ruwa, ya kuma dawo da ransa.

Ba ya sauka sai an hura wuta a kan tudun gaɓa, kuma ɗan'uwansa na jini ne zai zauna ya riƙe ta, sauran jama'a su koma gida su jira. Daga can ƙasa ba a ganin komai na duniyar tudu sai wannan wuta. In ta mutu, hanyar gida ta mutu ke nan, ruwa ya riƙe mutum ya mai da shi nasa.

Tunau da Anaruwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, Tunau ne babba. Shi ya koya wa ƙanensa iyo, shi ya tallafe masa ciki a ruwa har ya daina haɗiyar laka. Amma ranar da tsohon Mai-gida-biyu ya rasu, aka jera samarin tunga a gaɓa, aka saki ƙwaryarsa a kan ruwa don ta zaɓi magaji. Ƙwarya ta taho tana rausaya, ta gogi ƙaurin Tunau, ta ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ta wuce ta tsaya gaban Anaruwa.

Da ta wuce shi daga nesa, wataƙila da ya haƙura. Wannan guga da ta yi masa ita ce ta zame masa ciwo. Hassada ba ta shigo masa da ihu ba, shigar gara ta yi, ta cinye shi ta ciki ta bar siffarsa a tsaye. Shekara ta bi shekara yana riƙon wuta, ya san itacen da ke hayaƙi da wanda ke garwashi, amma bai taɓa jin maroƙi ya kama sunansa ba.

A wannan shekara ma haka aka taru da hantsi. Maroƙin tunga yana ta zuba kirari: "Anaruwa na Hakama, kada ba ya cin ƙafarka! Mai gida a sama, mai gida a ƙasa!" Inna Hakama, mahaifiyarsu, ta gyara wa ƙaramin ɗanta layar damtse, ta tofa masa addu'a. Anaruwa ya ɗauki ƙwaryar zuma, ya waiwayo yana dariya.

Ya ce, "Yaya, a riƙe mini ita da kyau. Bara ɗanyen ice ka sa, hayaƙinka har ƙasa ya sa ni tari."

Tunau ya ce, "Sauka lafiya, Mai-gida-biyu. Mu masu gida ɗaya ina za mu?"

Maroƙi ya cafe: "A ƙara ice dai, Tunau! Kowa da kiwon da ya karɓe shi!" Aka kwashe da dariya. Anaruwa ya shiga ruwa har ya shanye kansa, jama'a suka watse, aka bar Tunau da wutarsa.

Yana zaune yana tona toka da tsinke, sai busasshiyar lakar da ke gabansa ta tsage, wata tsohuwar gaiwa ta leƙo da kanta. Gaiwa kuwa kifi ce da ke binne kanta cikin laka in ruwa ya ƙafe, ta yi ta shan iska har damina.

Ta ce, "Sannu da aiki, bawan ƙanensa."

Tunau ya zabura. "A'uzu billahi! Ke wace ce?"

"Wadda ta ga ƙwarya ta gogi ƙaurinka. Kai ta zo wa, ɗan Hakama, iska ce ta kaɗa ta. Kashe wutar nan, sarauta ta zama ba mai ita. Ka shafa lakar ramina a hancinka da ƙirjinka, ruwa zai zame maka iska. Wanda ya fara isa gaban Magajiya daga jininku, shi za ta naɗa."

"Ke kuma me za ki samu?"

Gaiwa ta ce, "Abokin zama."

Bai tsaya auna wannan amsa ba, domin maganar iskar da ta kaɗa ƙwarya ita ce abin da ya daɗe yana faɗa wa kansa, yau ga shi wani baki ya faɗa. Ya tashi ya cika tulu da ruwa. Sai dai hannun mai riƙon wuta yana da tasa al'ada. Ubansu ya hore shi da cewa ba a tashi daga gaban murhu sai an ɗauki iri, don haka kafin ya sheƙa ruwan, ba tare da ya ko lura ba, ya tsinci garwashin ƙirya ɗaya, ya binne shi cikin toka a ƙahon da ke rataye a ƙugunsa, ya toshe da kakin zuma. Sannan ya juye tulu. Wuta ta yi tsaki ta mutu. Ya shafa laka, ya faɗa tafki.

Ya yi ta nutsewa, ruwa ya tashi daga kore ya koma baƙi, daga baƙi ya koma fari kamar asuba, sai ga shi tsaye a kan rairayi gaban ganuwar birni. Ƙofar birnin kuwa bakin wani kada ne da ya tsufa har ciyawa ta tsiro a gadon bayansa.

Kada ya ce, "Ɗan tudu, wa ke riƙe da wutarka?"

Tunau ya ce, "Ba ni da bukatar wuta."

"Na sha jin wannan amsa a ƙofar nan, ban taɓa ganin fitar mai ita ba. Wuce, shiga ba ta da wuya." Ya wangame baki. Tunau ya taka harshensa, ya ratsa tsakanin haƙora masu tsayin mutum, ya bi ta maƙogwaro cikin duhu da wari, ya ɓullo tsakiyar kasuwa.

A kasuwar ba a sayar da komai sai abin da ruwa ya ci: filafilan jirage, mundayen mata, takalmi wari guda, gangar da ba ta ƙara amo. 'Yan ruwa masu dogon gashi da idanu marasa ƙiftawa suna zaune jugum, ba mai ciniki. Yana wucewa sai wata tsohuwa mai sayar da fatsa ta kama gefen rigarsa ta shinshina.

Ta ce, "Jama'a, ku zo ku ji! Ƙanshin Jan Tauraro ne a jikin baƙon nan!"

Suka yanyame shi suna shinshinar hayaƙin da ya kama tufafinsa. Tsohuwa ta ce, "Baƙo, ko ka san Mai-tauraro? Sau ɗaya a shekara wani jan tauraro ke fitowa a samanmu, ranar ce sallarmu. Manzon tudu ya ce yayansa ne ke riƙe da shi, wai mutum ne da ko ƙiftawa ba ya yi. 'Yan matanmu da sunansa suke daka. Yau kuwa muna cikin kallo ya mutu da rana tsaka. Ka ga kasuwa ta ƙi ci."

Wani zai zaci wannan magana za ta sanyaya zuciyar Tunau. Ba ta sanyaya ba. Abin da ya fara zo masa shi ne: ashe akwai inda ake waƙarsa, Anaruwa ya sani, ya ɓoye masa shekara da shekaru. Ashe ko yabon da ya samu ma ta bakin ƙanensa ya fito. Ya fizge rigarsa ya nufi fada.

Hanyar fada wani siririn lungu ne, minjiryoyi, kifayen nan masu girgiza duk wanda ya taɓa su, sun jeru dama da hagu, jikinsu na walƙiya. Babbansu ya tare shi ya ce, "Ba a wuce mu da ƙarya a baki. Me ya kawo ka?"

Tunau ya ce, "Na zo neman ƙanena."

Suka taɓa shi gaba ɗaya. Wata girgiza ta ratsa shi daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya faɗi yana makyarkyata, haƙoransa na haɗuwa. Da ya farfaɗo aka sake tambayarsa. Ya daɗe a durƙushe, domin abin da mutum ya saba faɗa wa zuciyarsa a ɓoye yana da nauyi in za a ɗora shi a harshe.

Ya ce, "Na zo karɓar abin da ƙwarya ta hana ni."

Minjiryoyi suka buɗe masa hanya.

Magajiya na zaune a kan ƙoƙon bayan wata kififfiya, gashinta ya bazu ya rufe rufin fada kamar gajimare. A gindin ƙafarta ga Anaruwa, sanye da farar rigar manzanci da ake saka wa Mai-gida-biyu in ya iso fada, rigar da ruwa ba ya jiƙa ta. Amma fatarsa ta fara komawa ruwan toka, ɓawon kifi ya feso masa a wuya, wata 'yar fata ta soma haɗe yatsunsa kamar na agwagwa. Kansa a ɗage yake, yana duban sama.

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa. Anaruwa ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Baƙo, daga tudu kake? Akwai wani mutum a can, sunansa ya kuɓuce mini. Bai taɓa bari ta mutu ba. Lalle wani abu ya same shi. Ranki ya daɗe, a aika a dubo shi, ko maciji ne ya sare shi."

Magajiya ta kawar da kai daga gare shi. Ta dubi Tunau ta ce, "Na san ka, ɗan Hakama, na kuma san abin da tulu ya yi. Ba ni hukunta abin da aka yi a tudu. Alkawarinmu da kakanninku shi ne, in wuta ta mutu manzo ya zama namu, wanda ya fara isowa daga jininsa ya gaje shi. A tuɓe rigar."

Aka tuɓe ta daga jikin Anaruwa aka saka wa Tunau. Tambura suka ɗauka, fadawa suka faɗi suna cewa, "Mai-gida-biyu! Mai-gida-biyu!" Ƙarya ne a ce bai ji daɗi ba. Daɗin ya ratsa shi kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai azumi, har ya ji ƙaurin nan da ƙwarya ta goga ya daina yi masa zugi.

Da tambura suka lafa ya ce, "Ranki ya daɗe, ta ina zan koma in kai wa tunga izini?"

Magajiya ta ce, "Ta inda wutarka take. Ku a tudu kuna kiran kwaɗo gida-biyu don yana numfashi nan da can. Mu ba numfashi muke dubawa ba. Kada yana da ƙwai a rairayi da ke jiransa, kififfiya ma haka. Wurin da ba a jiranka ba gida ba ne, masauki ne. Rigar taka ce, sunan naka ne. Wa ke jiranka a gaɓa?"

Tunau ya ɗaga kai. Sama baƙi ƙirin, babu ko ɗigon haske. A daidai nan ya ji wani ɗumi a ƙugunsa. Ya shafa, ya ji ƙaho. Ya ɓare kakin, ya tona toka, sai ga garwashin ƙirya, ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar gero, amma da sauran ja a cikinsa. Ruwa ya ja baya ya ba shi wuri kamar talaka ya ga basarake. Fadawa suka miƙo wuya suna kallo. Anaruwa ya sauke kansa daga duban sama, ya ƙura wa garwashin ido, leɓunansa na motsi.

Magajiya ta ce, "Wuta a hannun ɗan'uwa hanya ce, ko a ina take. In ka rufe ƙahon nan, zai haska maka kai kaɗai har gaɓa, ka fita da riga da suna. In kana son wanda ke bayanka ya gani ya bi, sai wutar ta yi harshe. A duk ƙasata kuwa abu ɗaya ne busasshe."

Tunau ya dubi rigar. Ya shafa ta, ya ji laushin da ya yi shekaru yana mafarki. Zuciyarsa ta ce masa: ka fita, ka ce ruwa ya riƙe shi, wa zai ƙaryata ka? Ya dubi yatsun ƙanensa da ke haɗewa, yatsun da ya taɓa buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu yadda ake tura ruwa. Bai daina jin haushinsa ba ko kaɗan. Da haushin nasa ya tuɓe rigar, ya murɗe ta, ya kara bakinta a garwashi, ya durƙusa yana hurawa a hankali yadda ubansu ya koya masa.

Magajiya ta ce, "Dakata. Rigar kakanninku za ka ƙona, sai an biya. Za a saƙa wata, amma ba za ta hau jikinka ba. Ladan abin da ka yi a nan kuma namu ne, a nan zai zauna. Ƙanenka zai farka bai tuna komai ba. Ranar da bakinka ya faɗa wa wani ɗan tudu abin da ka yi, ranar zan karɓi abina, wato ƙanenka."

Tunau ya ce, "Ko Inna?"

"Ko kabarin ubanka."

Ya rufe ido, ya ƙara hurawa. Riga ta kama. Birni duka ya haskaka ja, daga kasuwa aka jiyo guɗa. Magajiya ta ce, "Na ba tunga izinin su. Ku tafi."

Ya ɗaga wutar sama ya yi gaba, Anaruwa na biye. Suka ratsa minjiryoyi, suka ratsa kasuwa, kada ya buɗe baki yana cewa, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba." Suna hawa riga na cinyewa, har wuta ta iso hannunsa. Bai saki ba. Ya ji fatar tafinsa na ƙuna, ya ƙara damƙewa. Da hasken rana ya fara bayyana a samansu, wutar ta ƙare, lakar gaiwa kuma ta wanke daga hancinsa. Ruwa ya koma ruwa, ya cika masa ƙirji. Abin da ya ji na ƙarshe shi ne hannu mai rababbun yatsu ya cafki wuyan rigarsa.

Jama'a sun riga sun cika gaɓa, domin sun ga hayaƙi ya ɗauke. Abin da idonsu ya gani shi ne Anaruwa ya ɓullo daga tafki ɗauke da yayansa a kafaɗa. Wuri ya ruɗe da kabbara. Maroƙi ya daki ganga: "Na Hakama, ka dawo ba wuta! Ka kawo izini, ka kawo gawa da rai!" Ya juyo kan Tunau da ke amayar da ruwa: "Gyangyaɗi a gaban murhu, har da gangarawa tafki! Wuta ta gagare ka, ruwa ma ya gagare ka!"

Anaruwa ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Yaya, me ya faru? Na ba da zuma, daga nan ban san komai ba sai ganinka na yi kana nutsewa."

Maganar ta taso wa Tunau har bakin haƙora. A gefen ƙafarsa laka ta motsa, gaiwa ta leƙo, muryarta ba mai ji sai shi.

Ta ce, "Faɗa musu. Kalma kaɗan ce. Ni ma na taɓa riƙe wa wani wuta a tudun nan, na san zafin da kake ji."

Ya dube ta da kyau a karon farko. Ta fito da rabin jikinta, sai ya ga ba ta da wutsiya, ta cinye abinta a cikin rami, ga sabon jini a wurin. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ji yana sauka kamar ƙaya.

Ya ce, "Barci ne ya ɗauke ni, Anaruwa. Ka yafe mini."

Aka ɗauki Anaruwa a kafaɗu aka nufi tunga da kiɗa. Inna Hakama kaɗai ta tsaya. Ta dubi jiƙaƙƙiyar toka da tulun da ke kife, ta kama hannun babban ɗanta ta buɗe tafin, ta daɗe tana kallon ƙunar da mutum ya fito da ita daga cikin ruwa.

Ta ce, "Ban tambaye ka ba, kada ka faɗa mini. Taso in sa maka zuma."

Da shekara ta zagayo, aka sake taruwa a gaɓa. Maroƙi ya ƙara wa kirarin Anaruwa baiti, ya ƙara wa ba'ar Tunau biyu. Tunau ya saurara, ya ji tsohuwar garar nan ta motsa a ƙirjinsa, domin ba ta mutu ba, bai kuma sa ran za ta mutu ba. Da jama'a suka watse, ya jawo busasshiyar ƙirya da shanyayyen hannunsa ya ƙara a wuta. Daga can ƙarƙashin tafki dakan mata ya fara tasowa, ya karkata kunne, ya ji sunan da suke dakawa da shi.

Nan labarin ya nutse, wanda ke da mai riƙe masa wuta ya bi shi ya ɗauko.